Ƙurar Reggane da gyaɗar Magarya: Nijar, Nijeriya da batun makaman ƙare dangi

A ranar 5 ga Janairun 1961, gwamnatin Nijeriya, wadda a lokacin watanninta uku kacal da samun mulkin kai, ta ba jakadan Faransa a Legas, Raymond Offroy, sa'o'i 48 ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta haramta wa jiragen ruwa da na sama na Faransa tsayawa a tasoshinta. Dalilin wannan fushi kuwa shi ne, kwanaki tara kafin haka, wato ranar 27 ga Disamban 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya karo na uku a hamadar Reggane da ke kudancin Aljeriya, bayan duk roƙon da ƙasashen Afirka suka yi mata. Littattafan tarihi sukan kawo wannan mataki a matsayin ranar da Nijeriya ta nuna wa duniya ita ma ta isa, kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne inda dukan ya sauka. Bai sauka a Paris ba. Kaso mai yawa na nauyinsa ya faɗa ne a kan maƙwabtan Nijeriya, musamman irin yankinmu na kudancin Damagaram, daga Magarya zuwa Dungas.

Kafin a gane yadda aka yi haka, tilas ne mai karatu ya san wace irin iyaka ce ake magana a kanta. Lokacin da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Daura a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gwari Abdu da mutanensa arewa suka yiwo, har ya zauna a Yekuwa, wadda a yau take cikin gundumar Magarya. Zuriyarsa ce ta riƙe Zango da Baure, waɗanda a yau suke cikin jihar Katsina. Ta gabas kuma akwai ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirya, waɗanda sarakunan Damagaram suka mayar ƙarƙashin ikonsu. Ƙasa ce ɗaya a harshe da aure da kasuwa, ko da yake sarakunanta ba su rasa yaƙe-yaƙe a tsakaninsu ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka tsaga ta a kan takarda, tun daga layin Sayi zuwa Barwa na 1890, suka yi ta gyara a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransa na neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi daji tana kafa alamomi. Da suka gama, gidan sarautar Daura ya wayi gari wani ɓangare yana biyan haraji ga Ingila, wani kuma ga Faransa.

Alamomin ba su iya juya hanyar ciniki ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kuma buɗe shi ga ƴan kasuwa a shekarar da ta biyo, sai duk ƙasar ta karkata wajen gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muka fi cewa a nan. Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren sayen gyaɗa a Nijar baki ɗaya. Gyaɗar nan ta Faransa ce a lissafi, amma hanyarta ta Ingila ce: a ɗora ta a mota zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai ta Legas, daga can jirgin ruwa ya kai ta matatsun mai na Faransa. A shekarun 1950 Faransawa sun ƙago wani tsari da suka raɗa wa suna Hirondelle don karkatar da kaya ta Dahome, sai dai tazarar da ke tsakanin Damagaram da Kwatano ta sa gabashin ƙasar bai taɓa rabuwa da Kano ba. To, a watan Janairu, tsakiyar kakar cinikin gyaɗa, aka ce jirgin Faransa kada ya kusanci gaɓar Legas.

Mu koma baya kaɗan mu dubi bam ɗin kansa. Na farko an tayar da shi ranar 13 ga Fabrairun 1960, da sunan Gerboise Bleue, wato sunan wani ɗan ɓeran hamada mai tsalle. Ƙarfinsa ya kai kimanin kiloton 70, ya ninka wanda Amurka ta jefa a Hiroshima wajen sau huɗu. Huɗu aka tayar a sararin sama a Reggane tsakanin 1960 da 1961, sa'an nan wasu 13 a cikin dutse a In Ekker har zuwa 1966, bayan Aljeriya ta riga ta samu ƴanci. Tsakanin Reggane da Magarya akwai fiye da kilomita 1,500, amma duk wanda ya yi hunturu a ƙasar Hausa ya san daga ina iskar Fabrairu take zuwa, ya kuma san ba ta neman izini a kan iyaka. Wannan shi ne abin da ya tayar da hankalin Afirka ta Yamma. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi London a 1959 ya kai kuka, aka kafa tasoshin auna iska a wasu garuruwan Nijeriya, har da Kano. A Gana, Kwame Nkrumah ya goyi bayan wata tawagar masu adawa da bam, cikinsu akwai Michael Scott na Ingila da Bayard Rustin na Amurka, waɗanda suka taso daga Akara a Disamban 1959 da niyyar ratsa hamada har Reggane. Jami'an Faransa suka tare su a ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso, suka mayar da su.

Faransa ta yi ta cewa babu wani haɗari. Sai a 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar sojojin Faransa da aka cire wa hatimin sirri, wadda ta nuna gajimaren bam na farko ya gangara kudu ya ratsa Sahara, ya bazu a kan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma cikin kwanaki 13 ya kai gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Adalci ya sa a ƙara da cewa wani bincike da aka buga a 2025, a kan ƙurar Sahara da ta sauka a Turai a 2022, ya gano ɗan burbushin da ke cikinta ya fi kama da na gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyat, kuma bai kai mizanin cutarwa ba. Wannan ya shafi ƙurar yau. Bai wanke abin da ya sami mutanen Reggane da In Ekker ba, bai kuma mayar da tsoron 1960 wauta ba.

Ina Nijar take a duk wannan? Tana tsaka mai wuya. Ranar da aka tayar da bam na farko ba ta ma da cikakken ƴanci, sai ranar 3 ga Agustan 1960 ta same shi. Kuma tun 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa suka gano yuraniyom a Azelik, a ƙasar Agadas. A shekarar ce Faransa ta kafa wata hukuma ta musamman don haɗe yankunan Sahara a ƙarƙashin ikonta, abin da Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ƙi amincewa da shi. Da Sawaba ta yi kiran a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, Faransa ta yi duk abin da za ta iya har ta kawar da gwamnatinsa, alhali ta ƙyale Gini ta tafi. Masana tarihi da dama suna ganin hamada da abin da ke ƙarƙashinta na cikin dalilan wannan bambanci, kuma ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi. Gwamnatin Diori Hamani da ta gaji mulki ta rattaba hannu, tare da Kwaddibuwa da Dahome, a kan yarjejeniyar tsaro da Faransa ranar 24 ga Afrilun 1961, wadda ta ba Faransa fifiko a kan ma'adinai masu muhimmanci ga yaƙi, yuraniyom yana cikinsu. Washegari, 25 ga wata, bam na huɗu ya tashi a Reggane.

Ga maƙwabta biyu ke nan, ɗaya ya kori jakada saboda bam, ɗaya kuma ya jingina tsaronsa ga mai bam ɗin. A wata nahiyar irin wannan saɓani ya isa ya haifar da gaba ta shekaru. A nan abin da ya faru shi ne, ƙasashen da ke magana da Faransanci suka bi Tafawa Ɓalewa da lallashi, suka nuna masa cewa takunkumin su yake shaƙewa, ba Janar de Gaulle ba. A watan Mayun 1961, watan da aka yi taron Monrobiya, Nijeriya ta ɗage haramcin jiragen. Hulɗar jakadanci da Faransa ta ci gaba da zama a yanke har kusan shekaru biyar, amma hanyar Kano ta koma yadda take. Wannan rabewa da Tafawa Ɓalewa ya yi, tsakanin fushi da Faransa da haƙƙin maƙwabci, a wurina ita ce aikin diflomasiyya mafi daraja a cikin labarin, fiye da korar jakadan da ake yawan ambato.

Diori bai manta ba, ko kuma a ce lissafinsa bai bar shi ya manta ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya a 1967, Faransa ta karkata ga Biyafara, Kwaddibuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa a Mayun 1968. Diori, wanda ake yi wa kallon ɗan lelen Faransa, ya tsaya a bayan gwamnatin tarayya, ya kuma karɓi baƙuncin tattaunawar sulhu a Yamai a Yulin 1968, inda Gowon da Ojukwu kowannensu ya halarta. Bayan yaƙi, a Maris na 1971, ƙasashen biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Nijeriya, mai hedikwata a Yamai. A shekarar nan ta 1971 ce kuma kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom daga Arlit. Abubuwan biyu sun tashi tare kamar tagwaye, amma duniya ɗaya kawai ta sani.

Labarin yarjejeniyoyin nukiliya na nahiyar ba ya bukatar dogon bayani. A Nuwamban 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1652, wanda ya nemi a ɗauki Afirka a matsayin yankin da babu makaman ƙare dangi. Ƙasashe 55 suka goyi baya, 44 suka ƙaurace, da yawa daga cikin ƙasashen da Faransa ta raina suna cikin masu ƙauracewa. A Yulin 1964 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka yi shelar Alƙahira a kan manufa guda. Daga nan magana ta kwanta shekaru kusan 30, saboda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana ƙera nata bam a ɓoye. Har ta kai wasu manyan masana, irin su Ali Mazrui a 1979 da ministan harkokin wajen Nijeriya Bolaji Akinyemi a 1987, suka fito fili suna cewa ya kamata baƙar fata su mallaki nasu. Sai da de Klerk ya bayyana a Maris na 1993 cewa ƙasarsa ta ƙera bama-bamai shida ta kuma wargaza su, sa'an nan hanya ta buɗe. Jakadan Nijeriya Oluyemi Adeniji ne ya shugabanci ƙwararrun da suka tsara Yarjejeniyar Pelindaba, aka sa mata hannu a Alƙahira ranar 11 ga Afrilun 1996, ta fara aiki ranar 15 ga Yulin 2009.

Shekarun da kowace ƙasa ta shiga waɗannan yarjejeniyoyi suna ba da labari da kansu. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya tun 1968, shekarar da aka buɗe ta. Nijar ba ta shiga ba sai Oktoban 1992, watanni biyu bayan Faransa ta shiga. A tsakanin nan, zamanin Seyni Kountché, an sayar da yuraniyom ɗin Nijar ga Libiya da Pakistan, kuma babu wata doka ta duniya da ta ɗaure hannun Yamai a kan haka. Pelindaba ma, Nijar ta sa hannu a 1996, amma tabbatarwa sai a 2017. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka ja ragamar yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ɗungurungum ta 2017, ta tabbatar da ita ranar 6 ga Agustan 2020, ranar cika shekaru 75 da Hiroshima. Nijar ta sa hannu a Disamban shekarar. A Zariya kuma, ƴar ƙaramar na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, an sauya mata makamashi a 2018, aka kwashe tataccen yuraniyom ɗin da zai iya shiga bam aka mayar da shi Sin.

Ba na ganin jinkirin Nijar rashin son zaman lafiya ne. Mai sayar da kaya da mai wa'azi a kan kayan ba za su yi sauri ɗaya ba. Nijeriya tana da man fetur, magana a kan yuraniyom ba ta rage mata ko anini. Nijar kuwa a ƙarshen shekarun 1970 da shi take gina ma'aikatu da hanyoyi, bayan fari ya karya gyaɗa a 1973 da 1974 kuma ba ta sake miƙewa kamar da ba. Sai dai rashin shiga tsarin sa ido da wuri yana da nasa farashi, domin ya bar sunan ƙasar a buɗe ga duk mai son ya ɓata shi. An ga haka a 2003, lokacin da gwamnatin George Bush ta kafa hujjar yaƙin Iraƙi da zargin cewa Saddam ya nemi yuraniyom a Afirka, ana nufin Nijar. Tsohon jakada Joseph Wilson ya riga ya zo Yamai a Fabrairun 2002 ya koma ya ce bai ga alamar cinikin ba, kuma a Maris na 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Duk da haka aka yi yaƙin. Sashe na 9 na Pelindaba, wanda ya hana a sayar wa ƙasar da ba ta da makaman nukiliya irin wannan ma'adini sai tana ƙarƙashin cikakken sa idon waccan hukuma, garkuwa ce ga mai sayarwa kafin ya zama takunkumi.

Manomin Bande ko makiyayin Malawa bai taɓa jin sunan Pelindaba ba, kuma babu laifi. Yarjejeniyar da ta taɓa rayuwarsa ita ce wadda aka sa wa hannu a Maiduguri ranar 18 ga Yulin 1990, a ƙarƙashin Hukumar Haɗin Gwiwa, kan rabon ruwan ƙoramu huɗu da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da kuma Komadugu Yobe. Ta ukun ita ce ta wannan yanki namu. Irin wannan aiki ba shi da armashi a rediyo: wa zai gina madatsa, wa za a sanar kafin a gina, ina burtalin shanu ya bi, yaya za a yi da satar dabbobi idan ɓarawo ya tsallaka. Amma da shi, da zumuncin sarakuna, da kasuwar Alhamis ta Maigatari inda dabbobin Dungas suke haɗuwa da dillalan Kano da na kudu, aka riƙe iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 fiye da shekaru 60 ba tare da sojojin ƙasashen biyu sun gwabza a kan taƙi ɗaya na ƙasa ba. Idan aka tuna da Bakasi, da tsibirin Lete da ya haɗa mu da Benin har gaban kotun duniya a 2005, da yaƙin Mali da Burkina Faso na 1985, za a san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin takaici shi ne darasin 1961 bai zauna a kan masu mulki ba. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, rufewar da ta yi daidai da shekarar fari, har mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari; ba a buɗe ba sai Maris na 1986. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Mafi muni shi ne abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi, har da layin Katsina zuwa Gazawa da ke haska Maraɗi da Damagaram. Aka dakatar da motoci a Babban Mutum da Maigatari da Kwangwalam. Rigimar ta Abuja da Yamai ce, yunwar da tsadar magani kuwa ta mutanen iyaka ce, a ɓangarorin biyu.

Waɗanda suka hana abin ya kai ga jini ba masu manyan yarjejeniyoyi ba ne. Sanatocin arewacin Nijeriya ne suka fito suka ce ba su yarda a kai yaƙi gidan ƴan uwansu ba. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Muhammadu Sanusi na Kano ya gana da Janar Tiani ranar 9 ga Agusta, yana tare da Sarkin Damagaram. Bayan kwanaki kaɗan tawagar malamai a ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi sahu. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a watan Maris.

Tun daga nan ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tsofaffin tsare-tsare. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023. Mahaƙar COMINAK ta riga ta rufe tun 2021, an ƙwace lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano a Yunin 2024, an kuma mayar da SOMAIR mallakin ƙasa a Yunin 2025. Karo na farko ke nan tun 1971 da Yamai take da ta cewa ita kaɗai a kan wanda za ta sayar wa yuraniyom, kuma a daidai wannan gaɓa ce alƙawuran 1992 da 2017 za su nuna ko suna da nauyi. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, wanda ke nufin rumfar da ta haɗa ta da Nijeriya tun 1975 ta rushe. Da ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Bakary Yaou Sangaré da Yusuf Maitama Tuggar, suka zauna a Yamai a Afrilun 2025 don neman inda za su kama, tsohuwar Hukumar Haɗin Gwiwa ta 1971 suka koma suka kakkaɓe wa ƙura.